Amsoshin Tambayoyinku: Yarona Yana Kiwon Ƙoƙi-ƙoƙi

TAMBAYA

Ina da yaro ɗan shekara 12, yana lakwal, kuma tun faɗuwar damina ya tsiro da wata sabga da ta ɗaure mini kai. Sa'o'insa na kiwon tantabara ko zomo, shi kuwa ƙoƙi-ƙoƙi yake kamowa a lambunmu na bakin tabki yana zubawa a kwalba. Wasu sun mutu, wata rana kuma ya wayi gari ya tarar ɗaya ya cinye ɗan'uwansa. Kakarsa ta ce abin yana da dafi, a fitar mata da shi daga gida. Shi kuma ya dage wai iri biyu gare shi, kore da mai launin ƙasa, sai an faɗa masa sunan kowanne. Shin akwai cutarwa a ciki? Ana kiwon wannan abu kuwa? In ana yi, yaya ake yi, kuma ta yaya ake gane irinsu?

Wani uba, Madarunfa, jahar Maraɗi

AMSA

Malam, Allah ya raya mana yaron nan, ya yi masa albarka. Bari mu fara da Iya, kakarsa, tunda ita ce babba, kuma bakinta ne zai yanke ko kwalbar za ta ƙara kwana a gidan.

A ce mata ta kwantar da hankalinta. Ƙoƙi-ƙoƙi ba shi da dafi, ba shi da ƙari irin na kunama, ba ya kuma ɗauko wata cuta ya sa wa mutum. Masana sun ƙidaya fiye da iri 2,400 a duniya, babu mai dafi ko ɗaya. Iyakacin abin da babba zai yi, in aka damƙe shi da ƙarfi, shi ne ya maƙale yatsa da ƙayoyin hannunsa ko ya ɗan gartsa cizo, kuma ruwa da sabulu sun wadatar. Tsayuwar nan da yake yi ta ɗan dambe, ya ɗaga hannuwa, ya buɗe fukafukai, ya wage baki, ita ke tsorata mutane, alhali shi ne a tsorace. Yaron ya daina kama shi ta baya. Ya shimfiɗa tafin hannu a gabansa, ya ɗan taɓa shi daga baya da tsinke, zai tako da kansa ya hau. Danginsa na kusa a cikin ƙwari su ne kyankyaso da gara, amma wannan ba lalle ne a kai wa Iya labarinsa ba.

Ana kiwonsa ƙwarai. A Turai da Amurka har sayar da shi ake yi, kuma wanda ake ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, wato dangin da masana ke kira Sphodromantis, ɗan Afirka ne, irin wanda ke yawo a lambunanmu. Su can wani lokaci sai sun sayi na'urar ɗumama kafin ya rayu. Yaronka yana da ƙwaron kyauta, yana da ɗumin kyauta. Abin da ya rasa shi ne sanin yadda halittar take rayuwa, kuma rashin wannan ne ya kashe masa na baya.

Wanda ya cinye ɗan'uwansa bai yi abin mamaki ba. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya zaman tare; duk abin da ya motsa a gabansa, in bai fi ƙarfinsa ba, abinci ne. Kowanne da mazubinsa.

Sauran kuwa, ina kyautata zaton kwalbar ce ta kashe su, ta hanyoyi biyu. Ta farko zafi. Kwalba a rufe, rana ta ɗan taɓa ta, ko ta kwana a ɗakin kwano da bazara, ta zama tanda. Ta biyu ta fi ɓoyuwa, ita ce maganar saɓa. Fatar ƙoƙi-ƙoƙi tauri gare ta, ba ta miƙewa, don haka ba ya girma sai ya tuɓe ta, kuma yana yin haka wajen sau shida zuwa tara kafin ya balaga. In lokacin ya matso, sai ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, ya nemi wuri sama ya maƙale da ƙafafun baya, kai a ƙasa. Fatar ta tsage ta bayan wuya, ya riƙa zamewa a hankali, nauyin jikinsa na taimaka masa, har ya zare hannuwa da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Yana fitowa fari-fari, laushi tiɓis, sai ya yi ta reto har jikin ya bushe. A saɓar ƙarshe ne fukafukai ke fitowa a cukurkuɗe, ya yi ta hura su har su miƙe. To, a cikin kwalba mai santsi ina zai kama? Ko ya faɗo, ko kansa ya taɓa ƙasa kafin ya gama fita, sai ya bushe a karkace, hannu a lanƙwashe, ba ya iya kamun abinci, yunwa ta ƙarasa shi.

Saboda haka masu kiwo ke da ƙa'ida: tsayin mazubi ya kai ninki uku na tsawon ƙwaron, faɗinsa ninki biyu. Babbar robar alawa ko ƙaramin bokiti mai haske sun fi kwalba. A jingina reshen sabara ko na kalgo a ciki, mai kaushi, ya kai har sama. A cire murfi, a ɗaure bakin da ƙyalle mai shara-shara, irin tsohon gyale da aka wanke, domin iska ta shiga kuma ƙwaron ya sami abin maƙalewa. A nan ga gargaɗin da nake so ka riƙe: kada a yanko gidan sauro a rufe bakin da shi. Gidajen sauron da ake rabawa an jiƙa zarensu da maganin ƙwari, kuma ƙoƙi-ƙoƙi ƙwaro ne. Haka ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake yayyafa fiya-fiya, ba wurin ajiye shi ba ne. A sa shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, a kuma ɗora mazubin a kan faranti mai ɗan ruwa, don cinnaka da tururuwa suna iya gamawa da shi a dare ɗaya, musamman yana cikin saɓa.

Ba a sa masa kwanon sha. A tsoma yatsu a ruwa a yarfa wa ƙyallen da reshen, zai sunkuya ya tsotsi ɗigon. Da damina kaɗan ya isa, kada wurin ya yi fumfuna. Da hunturu, lokacin da iska ke bushe komai, a riƙa yi kullum, domin bushewar iska na sa tsohuwar fata ta manne masa.

Abinci sai mai rai. Ba ya kula tuwo, ba ya kula ganye, mushe ma ba ya burge shi, motsi yake gani. Ƙuda, ƙananan fara, gyare, shinge, da malam-buɗe-littafin dare da ke taruwa a gindin fitila, duk suna yi, muddin abin bai wuce rabin tsawonsa ba. Babba ya ci sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya isa. In cikin ya cika ya yi tumbi a dakata, in ya shafe a ƙara. Kada a ba shi farar tumfafiya, wadda ke tara gubar ganyen a jikinta, ko hangara, ko rina da zanzaro, ko ƙwaron da aka tsinto a gonar wake da aka yi wa feshi. In ya ƙi ci, a fitar da abin da aka saka masa, domin gyare na iya cinye shi in ya same shi cikin laushin saɓa. Ka zauna da yaron wata rana ku kalli cin abincin. Zai tsaya cik, ya juyo da kai ya bi ƙudan da kallo, ya ɗan yi rangaji, sai kawai ku ga ƙudan a hannunsa ba ku ga lokacin da ya kai cafka ba. Yakan fara ta wuya, ya yar da fukafukai, in ya gama ya bi ƙayoyin hannunsa ɗaya-ɗaya da baki yana gogewa, sannan ya shafe idanunsa.

Yanzu ga tambayar yaron, wadda ita ce ta fi daɗi. Ka gaya masa a hankali, kada gwiwarsa ta yi sanyi: launi ba ya raba iri. Kore da mai launin ƙasa suna iya zama 'yan ciki ɗaya. Binciken da aka yi a Ghana a shekarun 1970 ya nuna cewa laimar iska da ƙarfin haske suna da hannu a launin da wasu ke fitowa da shi bayan saɓa, shi ya sa kore ke yawa lokacin da ciyawa take ɗanya, mai launin ƙasa kuma in ta bushe. Har akwai waɗanda ke yin baƙi a dajin da gobara ta ci. Mai neman iri siffa yake dubawa.

Ya fara da tambaya biyu. Ƙwaron ya balaga? In babu fukafukai sai 'yan toho a bayansa, yaro ne, kuma gane irin yaro yana ba ƙwararru ma wahala, don haka a jira. Namiji ne ko mace? Ya duba cikin ta ƙasa, ta jikin roba, ya ƙirga gaɓoɓin: namiji takwas, mace shida, ta ƙarshen babba. Namiji siriri ne, gashin goshinsa ya fi tsawo, fukafukansa sun zarce ciki, kuma shi ne yawanci ke tashi da dare ya faɗo wa fitila. Mace ta fi kauri da nauyi. Sau da yawa abin da yaro ke ɗauka iri biyu ne, miji da mata ne.

Bayan nan sai ya duba wurare huɗu: kai, wuya, cikin damtse, da fiffike. In babba ne kakkaura, santimita 6 zuwa 8, wuyan ya buɗe a kafaɗa, kuma akwai ɗigo fari ko rawaya-rawaya guda a kan kowane fiffike, to kusan tabbas Sphodromantis ne, kuma shi na fi zaton yana cikin kwalbar yaronka. In ya fi wannan sirantaka, ba farin ɗigo mai fitowa sosai a fiffike, amma da ya buɗe hannu aka ga baƙin tabo a cikin damtse kusa da ƙirji, wani lokaci da fari a tsakiyarsa, wannan Mantis religiosa ne, wanda Linnaeus ya rubuta tun 1758, kuma ana samunsa a Afirka da Turai da Asiya. Ƙanana masu santimita 4 ko ƙasa da haka, waɗanda fukafukan matansu ba su rufe ciki duka ba, galibi dangin Miomantis ne, kuma mutane kan ɗauka 'ya'yan manyan ne alhali sun gama girma. Mai tsini a ka, wuya siriri ƙwarai, da 'yan fallaye a gwiwoyi, Empusa ne; namijinsa gashin goshinsa gashin tsuntsu sak. Akwai mai ɗan tsini a ka shi ma amma gajere kakkaura, jikinsa rodi-rodin kore da fari, yana son busassun wurare masu ƙaya, sunansa Blepharopsis mendica.

Akwai kuma waɗanda ba zai gani a kan ganye ba sam. Ya duba jikin itace, gawo ko bagaruwa ko bedi, zai iya dacewa da wani shafaffe mai launin toka da ke lafewa a ɓawo, in an matso ya zagaya bayan itacen da gudu. Dangin Tarachodes ke nan, kuma macensu tana yin abin da ba a saba gani ba a ƙwari irinsu: takan kwanta a kan ƙwanta tana gadi har su ƙyanƙyashe. A cikin dogayen ciyayi kuma akwai dogaye masu launin kara, waɗanda sai sun motsa ake sanin suna nan. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Ischnomantis gigas, kuma wata macen irin da ta kai santimita 17, wadda ake lissafawa cikin mafi tsawon ƙoƙi-ƙoƙin da aka taɓa aunawa, a Kankiya ta jihar Katsina aka kama ta, tana ajiye a gidan adana halittu na Landan. Daga Madarunfa in ka ratsa Ɗan Isa ka shiga Jibiya, ai ka kama hanya. Wato yaronka yana zaune ne a yankin da ake samun ƙattin duniya na wannan halitta.

Tunda a bakin tabki kuke, wata rana zai kawo maka wani siririn ƙwaro daga cikin ruwa, mai hannuwa a naɗe da dogon tsinke a wutsiya, ya ce ya samo ƙoƙi-ƙoƙin ruwa. Ba shi ba ne. Wancan dangin kuɗin cizo ne, tsinken kuma bututun numfashinsa ne.

Sanin dangi shi ne iyakar abin da ido zai ba shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Rarrabe iri da iri a cikin dangi ɗaya, misali Sphodromantis viridis da Sphodromantis lineola, yakan kai ƙwararru ga ƙirga ƙurajen damtse da duba al'aurar namiji a madubin ƙara girma. Don haka ban so ya damu da haddace sunayen Latin. Na fi so ka saya masa littafin rubutu. Duk wanda ya kama, ya rubuta rana da wata, wurin da ya same shi, a kan wace shuka, tsawonsa, namiji ko mace, da ranar kowace saɓa. In akwai waya, a ɗauki hoto ta sama, ta gefe, ta fuska, da cikin hannu in ya buɗe, a ajiye abin awo ko tsinken ashana a gefe don a san girma. Hoto ɗaya daga nesa ba ya gaya wa kowa komai. Da irin wannan littafi zai iya tunkarar masu ilimin ƙwari, kuma ba su da nisa da ku: akwai su a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, akwai su a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, inda aka daɗe ana kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro ana sakinsa a gonaki don ya kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Yaron da ya iya lura da saɓar ƙwaro yana da shekara 12, irin aikin nan bai fi ƙarfinsa ba nan gaba.

Kai mai lambu kada ka sa ran ƙoƙi-ƙoƙi zai yi maka aikin wancan zanzaron. Ba ya zaɓe. Yana cin fara da tsutsa, yana kuma cin ƙudan zuman da ke yi maka barbarar fure. Alheri ne a gan shi a lambu, don alama ce feshi bai kashe komai ba, amma ba magani ba ne.

Ga abu biyu da zai gwada. Ya zagaya robar a hankali, zai ga kan yana bin sa har kusan waiwaye, da wani baƙin ɗigo a ido da kullum yake kallonsa ta duk inda ya tsaya. Ɗigon ba ƙwayar ido ba ce; idon tarin ƙananan idanu ne, waɗanda suka fuskance ka kai tsaye su ne ke bayyana baƙi. Da dare ya haska tocila, zai ga idanun sun rine sun yi duhu, da safe su washe. A 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun manna wa Sphodromantis lineola ɗan tabarau da kakin zuma, suka tabbatar yana haɗa ganin ido biyu ya auna nisan abin da zai cafka. Kunne kuwa guda ɗaya gare shi, a ƙirji, tsakanin ƙafafun baya. David Yager da Ronald Hoy ne suka gano shi a 1986, kuma amfaninsa jin kukan jemage, wanda kunnenmu ba ya kamawa. Namiji na cikin tashi da dare in ya ji shi sai ya yi ƙasa a sukwane.

Zai zo maka da maganar haɗa namiji da mace, don haka gara ka riga shi. Gaskiya ne mace takan cinye namiji, wani lokaci ta fara ta kai ana cikin barbara. A tatsuniya Gizo ne ke wahalar da Ƙoƙi, a lambu kuwa mijin ne ke tafiya da ransa a hannu. Sai dai an zuzuta abin. A daji mafi yawan maza suna tsira, don akwai wurin gudu; a cikin roba ne babu. Shawarata kada ya haɗa su. Macen da aka kamo balagagga galibi ta riga ta sadu da namiji, kuma wata safiya zai tarar ta manna wani dunƙule a reshe ko a ƙyallen. Kumfa take fitarwa da ƙwai a ciki, kumfar ta daskare ta yi tauri, ruwan ƙasa-ƙasa, kuma manyan iri kan zuba ƙwai fiye da ɗari a dunƙule guda. In ya ga 'yan ƙananan huji a gefensa, wani ɗan zanzaro ne ya riga shi.

Abu biyu kuma ka shirya masa zuciya a kansu. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya daɗewa. Daga ƙyanƙyasa zuwa mutuwa da wuya ya wuce shekara, balagagge kuma 'yan watanni ne, namiji ya riga mace. In wanda ya kama da kaka ya mutu da sanyi bayan ya yi ta rage ci, tsufa ne, ba laifin kowa ba. Na biyu, a wuraren da ke kusa da ruwa akan sami wata doguwar tsutsa baƙa, siririya, da ke girma a cikinsa, wadda yake samu ta cin ƙwarin da suka taso daga ruwa. In ta isa sai ta ja shi bakin ruwa ta fito, tsawonta ya ninka nasa. Abin ƙyama ne a ido, amma ba ta kama mutum.

Sharaɗin da zan so ka gindaya masa guda ne, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda kowa ya ji malamai na kawo labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Abin da ya tsare, cinsa da shansa na wuyansa. In jarrabawa ta matso ko ya gaji da farautar ƙuda, ya mayar da shi inda ya kamo shi, da yamma, a kan shukar da ba a yi wa feshi ba. Biyu ko uku sun ishe shi a lokaci guda.

In kuwa ya ajiye dunƙulen ƙwan, ya bar shi a kan reshensa yadda uwar ta manna shi, da sarari a ƙasa, domin 'ya'yan suna fitowa ne su yi lilo a jikin zare kafin su warware. Ƙyanƙyasa kan ɗauki makonni, wani lokaci fiye, gwargwadon iri da yanayi. Za su fito kusan lokaci ɗaya, ƙanana, wasu baƙaƙe har a ɗauka tururuwa ce, kuma cikin 'yan kwanaki za su fara cin juna. Abincinsu ƙananan ƙudajen nan ne da ke taruwa a kan ɓawon mangwaro ko ruɓaɓɓen tumatir. Ya ware uku, kowanne a robarsa, sauran ya kai su lambu tun ranar ya buɗe musu a cikin zogale.